Askar Tanko da Kunnen Kumandan

Ga ta nan tafe, ku matso ku gyara zama.

Ta ƙaraso, mu ji ta.

To, a Madarunfa an yi wani wanzami, Mamman ɗan Tanko. Cikin shekarun nan ne da aka karya darajar kuɗin sefa, lokacin da kowa ya mai da fuskarsa hanyar Ɗan Issa ta bakin iyakar Najeriya, mai wake ya kai wake, mai bisashe ya kai bisashe. Shi Mamman bai taɓa kai ko tiyar wake ɗaya can ba. Zabira ya sani. Ita ya gada, ita ya rataya tun gemunsa bai fito ba, ga shi yanzu furfura ta cinye rabin gemun.

Cikin zabirar akwai ƙahoni, akwai dutsen washi, da ƙullin garin bagaruwa na tsai da jini, da asake biyar. Huɗu na aiki ne, duk kan da suka samu sai su hau. Ta biyar kuwa daban take. An naɗe mariƙinta da tagulla, bakinta ya sirance don yawan washi, kuma duk garin askar Tanko ake ce mata, ko da yake Tankon ma wurin ubansa ya same ta. Ba ta hawa kan babba, ba ta tsaga don ƙaho. Aikinta ɗaya ne, askin jariri ranar suna. Akwai gidaje a Madarunfa da ita ta aske kaka, ta aske uba, ana jiran jika. Gidan Malam Alhassan yana cikinsu. Ran wata Alhamis matar ɗansa, Rashida, ta sauka lafiya, ɗa namiji, haihuwar fari. Iya Barira ungozoma ta aiko wa Mamman goro biyu, wato ya shirya wa Alhamis mai zuwa.

Washegari Juma'a da hantsi ya tafi zauren Alhaji Anas yin aski, kamar yadda ya saba shekara ashirin. Alhaji Anas mai manyan motocin kaya ne, kamyo biyu, yana da mangaza a bakin tasha inda yake tara wake kafin a tsallaka da shi. Sau biyu cikin damina ɗaya ɓarayi suka huda masa bango. Da ya je Kano sai ya dawo da kwikwiyo a cikin kwali, irin karnukan gadi na Turawa, baƙi wuluk, da ja-ja a baki da ƙafafu. 'Yan dakon mangaza suka sa masa suna Kumandan.

Ana cikin aski Alhaji ya zaro hoto daga aljihu, ya miƙo ta bisa kafaɗa.

"Sarkin Aska, dubi nan. Uban karena ne."

Mamman ba sarkin aska ba ne, amma haka Alhaji yake kiransa in yana son wani abu. Ya duba. Ƙaton kare ne a tsaye, ƙirji a buɗe, kunnuwa biyu a miƙe tsaf, masu tsini kamar bakin mashi.

"Tubarkalla. Wannan ko da rana na gan shi sai in sake hanya."

"To yanzu dubi ɗansa."

Kwikwiyon yana kwance a bakin ƙofa yana tauna takalmin wani. Kunnuwansa sun zubo har gefen baki, faffaɗa, masu taushi.

"Yaran mangaza dariya suke yi mini," in ji Alhaji, "wai akuya na sayo a Kano. Ashe ba a haihuwarsu da kunne a tsaye, yanka ake yi. Ɗan Larai maharbi ya ce zai yi mini, amma ka san yankan mafarauta, dungu suke bari, don kada gyado, aladen daji, ko ƙaya su samu abin kamawa. Ni ba dawa zan kai shi ba. So nake ɓarawo ya leƙo ya ga wannan hoton a tsaye gabansa."

"Ga likitan dabbobi nan, Alhaji."

"Na je. Ya ce shanu da tumaki aka koya masa."

Mamman ya goge aska a tafin hannu. Ya riga ya gane inda maganar ta dosa.

"Wa ya yi wa ɗiyana tsaga? Layi-layi kamar da alƙalami aka ja. Daga nan har Maradi akwai hannun da ya kai naka?"

"Kare ne fa, Alhaji. Ni kan ɗiyan Musulmi nake taɓawa."

"Wa ya ce ka sa askarka? Ga reza sabuwa a takardarta, ka yi da ita ka jefar. Bayan mangaza, ba kowa sai mu. Hannu kuwa ai wanke shi ake yi."

Sau biyu Mamman ya ce a'a. A na uku sai ya yarda. Da nauyi a ƙi mutumin da kowace kaka yake aiko maka damin hatsi har ƙofar gida. Amma ba nauyin kaɗai ba ne, a faɗi gaskiya. Tun da ya ga hoton idonsa yake ja masa layi, daga nan za a faro, a nan za a karkata, a nan za a fitar da tsini. Abu ne da wani wanzami bai taɓa yi ba a garin, kuma ya san zai iya.

Ran Asabar da hantsi, kafin ya fita, ya zauna ya wasa askar Tanko saboda sunan da ke tafe, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya sa ta a bakin zabira. Daga nan ya wuce mangaza.

'Yan dako huɗu suna jira a baya, wajen tarin buhunan da ba kowa a ciki. Kumandan ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya, ya shinshina ƙafar Mamman, yana zaton wasa aka zo yi. Aka kwantar da shi a kan buhu, aka ɗaure masa baki da tsumma, mutum ɗaya ya danne kai, biyu suka riƙe ƙafafu. Mamman ya nemi gawayi ya ja layi, sai ya tuna baƙin kare ne, aka samo masa alli. Ya ajiye hoton a ƙasa gabansa, ya zana kunnen dama, ya yi bisimilla, ya sa reza.

Fatar ta buɗe da sauƙi. Guringuntsi ne ya ƙi. Reza ba ta da mariƙi, ba ta da baya, ta lanƙwashe a tsakanin yatsunsa, jini ya sa ta santsi, ya ƙara dannawa sai ta karye biyu. Kunnen yana reto, rabi a yanke rabi a manne, jini yana tsartuwa har kan rigar mai danne kai. Karen yana kuka ta cikin tsumma, wani irin kuka siriri da ba ya yankewa, duk jikinsa yana karkarwa, ya saki fitsari a kan buhun.

"Gama masa mana, Wanzam," in ji ɗaya daga cikin 'yan dakon, ya kau da kai.

Shekara talatin da wani abu, duk sa'ad da nama ke reto jini na zuba, hannun Mamman ba ya jiran shawara. Ya faɗa zabira, ya ɗauko abin da ke bisa, ya ja sau ɗaya. Kunnen ya fita tsaf a kan layin alli, da tsininsa, kamar na hoton. Ya barbaɗa garin bagaruwa, ya danne da yatsa har jinin ya lafa. Sai a lokacin ya dubi abin da ke hannunsa, ya ga tagulla.

"Af, ashe da askar mutane ake yi," wani ɗan dako ya faɗa yana dariya.

Mamman ya miƙe. Ya naɗe askar a gefen rawaninsa.

"Saura na hagu, Sarkin Aska."

"Ba zan iya ba, Alhaji."

"Ba za ka iya ba kamar yaya? Ga shi ka yi, ya fi na ubansa kyau. Kunne ɗaya za ka bar mini kare?"

"Ka yi haƙuri."

Alhaji ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce shekara ashirin bai taɓa neman komai wurinsa ba. Mamman ya rataya zabira ya fita. Bai kai kwanar tasha ba ya ji Alhaji yana cewa a kira masa Ɗan Larai.

Bakin tabki ya nufa, can nesa da inda masunta ke shanya koma. Ya wanke askar sau bakwai, yana cuɗa ta da yashi, ya shanya ta a rana, ya sake wankewa. Washegari bayan azahar ya tsai da limamin unguwa a ƙofar masallaci, ya gaya masa komai.

Liman ya ce, "Jini najasa ne, ruwa yana kawar da shi. Ƙarfe ba ya riƙe komai. Askarka ta tsarkaka tun wankin farko."

Mamman ya sauke ajiyar zuciya.

"Amma mi karen ya yi aka yanke shi? Ciwo gare shi a kunnen?"

"A'a, Malam. Don ya yi kwarjini ne."

Liman ya girgiza kai. "To wannan shi ne abin da za ka nemi gafara a kai. Askar ba ta yi komai ba."

Mamman ya ce to. Amma maganar farko ya riƙe ya tafi da ita gida, ta biyun bai ba ta wuri ba tukuna.

Ran Litinin matarsa Ɗelu ta dawo daga pampo da tulu rabi. Ta dire shi, ko gammo ba ta sauke ba.

"Malam, mi ka yi a mangazar Alhaji Anas?"

"Wa ya gaya miki?"

"Wa bai gaya mini ba? Na ajiye tuluna a layi, Jummai ta janye nata kamar nawa zai cije shi. Wata ta yi haushi a bayana, ƙasa-ƙasa, sauran suka rufe baki da zane. Ni da furfurata. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Da wace aska?"

Ya nuna mata mai tagullar. Ɗelu ta nemi turmi ta kifa shi ta zauna.

"Asake biyar a zabira, hannunka bai ga ta ɗauka ba sai ta gado."

"Ita ce a bisa. Da kin ji kukan da yake yi. Kuma Liman ya ce ta tsarkaka."

"Liman ne zai haihu? Shi zai miƙo maka ɗa ɗan kwana bakwai?" Ta cire gammon ta jefar. "Wa ya gan ta?"

"'Yan dako huɗu, da Alhaji."

"Ɗan dako ya san wata aska daga wata? Alhaji kuwa idonsa na kan karensa. Saurara mini. In aka tambaye ka, ta ƙaho ce. Ka ɗauki ta ƙahon ka karya ta gaban mutane, magana ta mutu."

"Ƙarya ke nan, Ɗelu."

"Na sani. In gidan Malam Alhassan suka mai da kai ran Alhamis, babu gidan da zai sake kiranka suna a garin nan. Daga kai an rufe abin da kakanka ya buɗe. Ka zaɓa."

Ran Talata da la'asar Iya Barira ta zo da kanta. Tsohuwa ce ƙarama, ta haura saba'in, haƙoranta ja da fure, kuma rabin mutanen unguwar a tafin hannunta suka faɗo duniya. Ita ke riƙe jariri a cinya in wanzami zai yi aski, saboda haka in ta ce wa mata wanzami kaza ba shi da kyau, to ya gama. Ta ƙi tabarma, ta zauna a dokin ƙofar zaure.

"Ɗan Tanko, an ce ka koma wanzamin karnuka."

"Kuskure ne, Iya."

"Kuskure a shekarunka. Da ubanka na da rai da ya aske maka rabin gemu ya kora ka kasuwa." Ta ɓare goro, ta ba shi rabi. "Mata sun tayar mini da hankali. Dangin Rashida sun zo daga Gabi, suna cewa a kira nasu wanzamin. Na ce musu gidan Alhassan ba su san wata aska ba sai ta Tanko, ina tsaye aka aske uban yaron nan da ita. Hannu dai an wanke, na yarda. Namiji ba abin da ba ya taɓawa. Askar nake tambaya. Ka ce mini ba ita ba ce, in je in rufe musu baki."

Ba ta dube shi ba da ta faɗi haka, goronta take kallo. Ɗelu tana bayan zana, ya ji ta daina daka.

"Ba ita ba ce, Iya. Ta ƙaho ce."

"Alhamdu lillahi. Na san jinin Tanko ba zai yi haka ba. Kawo ta."

Ya ɗauko askar ƙaho, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ya ɗora ta a kan dutse ya buga mata wani dutsen har ta karye. Barira ta ƙulle gutsattsarin a bakin zanenta, ta ce za ta nuna wa mata.

Da ta tafi ya ce a ransa, gobe zai je wurin maƙeri a ƙera masa sabuwa, ita zai sa wa jaririn, kowa ya huta. Bai gama tunanin ba ya ga ba hanya. Ya riga ya ce askar Tanko ba ta taɓa kare ba. In ya zo da sabuwa ran suna, mi zai ce ya hana shi fito da ta gado? Ƙaryar da ya yi ita ce ta wajabta masa ya ɗora wannan askar a kan yaron.

Ran Laraba ƙafarsa ta kai shi bayan mangaza ba tare da ya yi niyya ba. Kumandan yana ɗaure a gindin bishiyar bedi. Kunnen dama, nasa, ya bushe da kyau, amma bai tsaya ba, ya kwanta gefe kamar ganyen da aka yaga. Na hagu dungu ne, Ɗan Larai ya shafe shi da wuƙa daf da kai, ya kumbura, ƙudaje sun baibaye shi. Ƙwaryar tuwo tana gabansa bai taɓa ba. Mamman ya kwance ƙullin bagaruwa ya tsuguna. Da karen ya ji warinsa sai ya ja da baya iyakar igiya, ya manne da bishiyar, ya cusa kai tsakanin ƙafafu yana rawar jiki. Bai yi haushi ba. Mamman ya yi ta kiransa a hankali, ya ƙi. Ƙarshe ya miƙa wa wani ɗan dako ƙullin, ya ce a wanke da ruwan gishiri a barbaɗa safe da yamma. A hanyar gida maganar Liman ta biyu ta dawo masa, ta zauna.

Alhamis ta zo. Da sassafe maza suka cika ƙofar gidan Malam Alhassan, aka raba goro, aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro Abdul'aziz, aka yanka rago. Mamman yana zaune inda ubansa yake zama, gefen dama na zaure. Wasu sun gaishe shi kamar kullum, wasu sun gaishe shi suna kallon zabirar.

Da rana ta ɗan ɗaga aka ce wanzami ya shigo. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ga ƙwarya da ruwan ɗumi da sabulu. Mata sun yi da'ira, 'yan Madarunfa gefe guda, baƙin Gabi gefe guda. Barira ta fito daga ɗakin mai jego da yaron a naɗe cikin zane, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da shi a cinya. Yaro ne jajir, da gashi baƙi mai laushi, kwance luf. Malam Alhassan ya shigo yana dogara sanda, abin da bai saba yi ba, ya tsaya a kansu.

"Fito da ita mu gani, Mamman. Ita ta aske ni, ita ta aske uban wannan. Jama'ar Gabi su gan ta."

Mamman ya fito da ita. Tagullar tana ƙyalli, don wankin da ta sha. Ya jiƙa hannu ya shafa kan yaron, ya murza sabulu. Ya ce wa kansa Liman ya ce ta tsarkaka, kuma gaskiya Liman ya faɗa. Aski ne na ɗan lokaci, a gama, a wuce wurin.

Sai aka ji murya daga bayan asabarin ɗakin mai jego.

"Iya."

Mata duka suka juya wajen ɗakin. Kun san dai mai haihuwar fari. Ba ta kallon ɗanta gaban mutane, ba ta kama sunansa, ko kuka yake sai ta yi kamar ba ta ji ba, kunya ba ta bari. Rashida kuwa yarinya ce mai kunya ko a cikin masu kunya. Ga ta tana magana, surukinta a tsaye.

"Iya, kin tabbata?"

Wata gwaggonta ta ce, "Ke, rufe mana baki, ba ki da ta ido?" Amma ba da ƙarfi ta faɗa ba, ita ma amsar take jira.

Barira ta ɗaga kai wajen asabarin. "Ɗiyata, kwantar da ranki. Wadda ta taɓa karen an karya ta a gabana, na nuna muku. Wannan ba ita ba ce, wallahi."

Mamman ya ji wallahin ya wuce ta kansa. Bai motsa ba.

"Ɗan Tanko ya gaya mini da bakinsa, kuma gidansu ba a yi mini ƙarya. Ku ji nan duka, har ku mutanen Gabi." Ta ɗora tafin hannunta a ƙirjin jaririn. "In akwai ƙarya a maganar nan, kada Allah ya sake ba hannun nan ikon karɓar..."

"Iya, tsaya," in ji Mamman.

Ta tsaya.

"Kada ki ƙarasa. Ita ce."

Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya yi ihu. Wata mata ta ja ɗanta ta matsa baya. A ɗaki aka ji Rashida ta fashe da kuka, ƙasa-ƙasa.

"Rezar ta karye, kunnen yana reto, na ɗauko ta ban sani ba," in ji Mamman. Askar yake kallo. "Na wanke ta sau bakwai. Ta ƙahon da na karya ba ta yi komai ba. Ni na yi wa Iya ƙarya."

Barira ba ta dube shi ba. Ta ja bakin mayafinta ta goge sabulun daga kan yaron, a hankali, har bayan kunnuwa, ta rufe masa kai. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafa ta ƙi, sai da mata biyu suka kama ta. Ta shige ɗaki da shi.

Malam Alhassan ya gyara riƙon sandarsa. Sa'an nan ya ce, "Liman ya gaya mini hukuncin ƙarfe tun ran Lahadi, bai kama suna ba, amma na gane. Da ka zo mini da kanka, da ni da kai mun san yadda muka yi da mata. Yanzu ka sa tsohuwa ta rantse a gidana." Ya juya wajen zaure. "A samu mai babur ya tafi Gabi."

Mamman ya zubar da ruwan ƙwaryar a gindin zana, kamar yadda ake yi in an gama, ya kife ta. Ya mai da askar zabira. Hanyar fita ta cikin zaure take, inda maza ke zaune ana fiɗar rago, dole ta nan ya bi. Aka matsa masa ya wuce. Wani ya miƙo masa goronsa na suna, ya karɓa, don ƙin karɓa ma wata magana ce.

A gida Ɗelu ta dube shi, ta dubi hannunsa da ba nama ba hatsi, ta gane. Ta kawo masa fura ta ajiye, ta zauna nesa kaɗan.

"Ta rantse?"

"Ta fara."

"To," in ji Ɗelu. Can ta ƙara cewa, "Ni na sa ka."

"Ba ke kika riƙe askar ba."

Wanzamin Gabi ya iso bayan azahar, shi ya aske Abdul'aziz, kuma tun daga ranar shi ake kira suna a gidan Malam Alhassan, sauran gidajen suka bi. Mamman bai sake aske jariri ba. Ya koma yin aski da ƙaho a gindin tsamiya ranar kasuwa, manya suna zuwa, da shi da Ɗelu ba su kwana da yunwa ba. Askar Tanko tana naɗe a ƙasan zabira har ya rasu, ba a ba kowa ita ba. Iya Barira ta ci gaba da karɓar haihuwa shekara shida, ta yi shekara guda ba ta amsa gaisuwarsa, daga baya ta riƙa amsawa, amma ba ta sake zama a zaurensa ba. Alhaji Anas ya sake wanzami. Sai bayan watanni wani shofer, direban mota da ya san Kano, ya gaya masa cewa yanka kaɗai ba ya tsai da kunne, ɗaure shi ake yi da ɗan itace ana sake ɗauri har wata biyu ko uku, abin da ba wanda ya sani a Madarunfa. Kumandan ya warke, ya girma, kunne ɗaya a kwance ɗaya dungu. Bai yarda hannu ya kusanci kansa ba, ya ciji 'yan dako biyu, ya ciji Alhajin kansa, aka bar shi a ɗaure gindin bedin nan dare da rana. A damina ta uku ya mutu, Alhaji ya ɗauki mai gadi.